Farin Filin da ke Bayan Ganuwar Sawakin

Zan fara da neman afuwa. Abin da zan rubuta game da Kawu, wan mahaifiyata, daga ka na ɗauko shi, kuma kaina ba abin dogaro ba ne a 'yan kwanakin nan. Wasu maganganun da kunnena na ji su, wasu faɗa mini aka yi, yanzu kuwa sun cakuɗe. Inda na tabbata zan ce na tabbata, inda ban tabbata ba zan faɗa. Na dai lura idan na jira sai na tantance komai, ko layi ɗaya ba zan rubuta ba.

Allah Ya karɓi ran Kawu a nan Dubai cikin tsananin zafin bana, a nan kuma aka binne shi. Ɗakinsa na unguwar Abu Hail ba zai ɗauki jama'a ba, sai aka yi zaman makoki a shagon kago na Deira inda ya tsufa yana auna kayan 'yan kasuwa. Aka tura sikeli gefe aka shimfiɗa darduma. Waɗanda ba su sami wuri ba suka zauna a kan kwalayen da ke jiran kwantenar Kano.

Wata Hajiya mai saro mayafai ta tsaya daga bakin ƙofa tana share hawaye da gefen gyalenta, tana cewa, "Yanzu wa zai riƙa yi mana faɗa in mun cusa turare cikin kwalin yadi?" Wani Badamagare da zai tashi ya ce, "Tsohon nan ne ya raka gawar ƙanena har ya sa shi a kabari," ya fita. Wani ɗalibi da ya shigo a makare ya sunkuyo ya tambaye ni wane ne ya rasu. Da na faɗa masa sai ya ce, "Au, mai taswira?"

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya ji shi, ya ce, "Kai ma ya taɓa kama ka? Wallahi ni ya taɓa tsare ni da taswirar nan, ina cewa Baba jirgina, Baba jirgina, yana cewa shwayya, dakata kaɗan, saura ƙofa ɗaya." Aka yi dariya, sannan kowa ya ji kunya ya koma jan carbi.

Can wani ya ce, "Wai taswirar wane gari ce ma?" Ɗaya ya ce Jidda. Ɗaya ya ce a'a, wani tsibiri ne can wajen Zanzibar. Wanda aka tsare har jirgi ya kusa barinsa ya ɗaga kafaɗa. Duk waɗanda ke shagon a lokacin, mutanen da suka yi shekaru suna shan shayi da shi, ba wanda ya riƙe sunan garin. Abin ya tsaya mini a rai tun ranar.

Sunan garin Sawakin. A gaɓar Bahar Maliya yake, ta ɓangaren Sudan. Kakana ya bar Kano a ƙasa da matarsa ta farko da niyyar aikin hajji, kamar yadda mutane ke yi a wancan zamani: a yi tafiya, a tsaya a yi noma ko ƙwadago, a sake gaba. Sawakin ne zangon ƙarshe kafin a hau jirgin ruwa zuwa Jidda, kuma a nan suka daɗe. A nan aka haifi Kawu. A nan mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, ba ta taɓa haye ruwan ba. Kakana ya haye da yaron, ya sauke farali, ya koma Kano ya auri kakata. Kawu bai sake taka Sawakin ba har ya koma ga Allah. Na tambaye shi dalili fiye da sau ɗaya, kuma kowane lokaci amsar daban ce. Wani lokaci aiki, wani lokaci takardu, daga baya yaƙin da ake yi a ƙasar. Ina zaton tsoro ne, amma zato ne kawai.

Abin da ya yi maimakon komawa shi ne tara taswirori. Wasu ya samo a shagunan tsoffin kaya na Sharjah, wasu 'yan Sudan ne suka kawo masa kwafi. Ya manna su a kan yadi don kada su yage, ya naɗe, ya zura cikin wani bututun roba irin na masu aikin famfo, ya tura ƙarƙashin gado. Da na zo Dubai neman aiki bayan na gama karatun labarin ƙasa, a ɗakinsa na sauka. Tun kafin in kwance jaka ya jawo bututun.

"An ce ka karanta taswira a jami'a. To karanta mini wannan."

Na duba na ce, "Wataƙila tashar jiragen ruwa ce, Kawu."

"Wataƙila?"

"Ina nufin, alamu sun nuna."

"To, Malam Wataƙila, sannu da zuwa." Sunan da ya bi ni ke nan har ƙarshen rayuwarsa.

Tsohon garin tsibiri ne, a zagaye yake kamar faifai, a cikin wani lungun ruwa mai siririn baki. A kansa gidaje ne masu hawa, na dutsen murjani da ake haƙowa daga teku, da masallatai, da gidan kwastan, da gidan hakimin da Turkawa suka ajiye yana mulkin lardin daga nan. Daga baya Masarawa suka riƙe garin, sannan Turawan Ingila. An yi gada ta haɗa tsibirin da tudu, a tudun kuma akwai wani garin da aka kewaye da ganuwa, da ƙofofi, da hasumiyoyin igwa a warwatse a waje. Kawu ya ce shi ko da ya buɗe ido garin ya riga ya fara mutuwa, don an mai da tashar jiragen ruwa sabon garin Bur Sudan, manyan jirage sun daina shigowa, attajirai sun rufe gidajensu sun tafi. Ya ce murjani in ba a shafa masa farar ƙasa ba sai ya riƙa zubewa da kansa, har suna yara sukan ji rugugin bango daga tsallaken ruwa ba tare da an taɓa shi ba.

Amma ba tsibirin ne ya dame shi ba. Bayan ganuwa, ta wajen tudu, duk taswirorin fari ne fat. Wasu an ɗiga 'yan ɗigo alamar yashi, shi ke nan. A nan yake buga yatsa.

"Ka ga nan? Nan muke. Mai zanen nan ya zana inda igwa take kwana, bai zana inda mutane suke kwana ba."

Sai ya ɗauki alƙalami ya cike wurin da kansa, da ajami, rubutu ƙanana kamar ƙafar tururuwa. Zangon Kanawa. Zangon Barebari. Rijiyar da ruwanta ke da gishiri-gishiri. Inda mata ke suyar waina su sayar wa masu dakon tasha. Inda ake tsare alhazai a duba lafiyarsu. Gidan wani makaho mai kiran salla. Ga sunayen mutanen da suka mutu suna jiran jirgi, iya waɗanda ya tuna ko ya ji daga bakin mahaifinsa, jere a gefen takarda har sun zagaye tsibirin. Sannan maƙabarta, da wani ɗan da'ira a cikinta inda ya ce nan mahaifiyarsa take. Kowace takarda sai ya rubuta bisimilla a samanta kafin ya sa mata alƙalami. Kwalin kago ne kawai ba ya yi wa haka, don ya ce kwali ana taka shi.

Ban san wani wuri a duniya da aka rubuta waɗannan abubuwa ba. Na bincika iya iyawata. Taswirorin kansu akwai irinsu a ɗakunan ajiya na ƙasashe, wasu ma ana ganinsu a intanet. Rubutun da ke cikin farin filin kuwa kwafi ɗaya ne, kuma yana ƙarƙashin gadon wani tsoho a Abu Hail.

Yana da wata ɗabi'a da ban fahimta ba sai daga baya. Duk Bahaushen da ya rasu a Dubai ba shi da kowa, direba ne ko mai gadi ko baƙon da ya zo asibiti, Kawu zai bar sikeli ya bi gawar. Bayan an binne sai ya tsaya ya ƙare wa wurin kallo, sannan ya nemi lambar uwar mamacin ko matarsa. Na taɓa jin sa yana yi wa wata tsohuwa a Gumel kwatance: "Hajiya, in kin shiga ta ƙofar da ke kallon masallaci sai ki yi dama. Akwai wata bishiya mai kama da bagaruwa. Yana gabas da ita kaɗan, kuma da la'asar inuwa tana kai masa." Da ya kashe wayar na ce, "Kawu, matar nan fa ko fasfo ba ta da shi, yaushe za ta zo?"

Ya ce, "Wa ya ce maka don ta zo ne? Don in ta ɗaga hannu ta san inda take aikawa."

Ba mutum ne mai sauƙi ba, kada a ce na yi masa kwalliya. Yana da faɗa, kuma ba ya karɓar gyara. Amininsa wani dattijo ne mai sayar da turaren wuta a Deira, Bahaushen Sudan, wanda shi ma a zangon Sawakin ya tashi, ya ɗan girmi Kawu. Baba nake ce masa. Ranar Juma'a da la'asar sukan hau abra, kwalekwalen nan mai inji da ke haye ruwan Deira, su je su dawo ba tare da sun sauka ba, wai warin ruwan irin na gida ne. Wata rana a ɗakin Kawu musu ya kaure a kan maƙabartar: in ka fito daga ƙofar ganuwa, dama za ka yi ko hagu?

"Ya zol, kai mutumin nan, ka zana ta a inda ba nan take ba," in ji Baba.

"Uwar wa aka binne, taka ko tawa?"

"Taka. Amma kai a kafaɗar babanka kake kana tsala ihu, ni da ƙafata na bi. Mai kuka yana ganin hanya ne?"

"Kai da ko hanyar metro sai an riƙe maka hannu!"

"Khalas, shi ke nan, ka binne ta inda ka ga dama."

Azumin shekarar gaba ɗaya ba su yi magana ba. Amma kullum kafin magariba sai ga kwanon asida, tuwon 'yan Sudan, daga gidan Baba, Kawu kuma ya mai da kwanon da kunun tsamiya, ba gaisuwa ba saƙo. Ranar salla suka haɗu a filin idi suka ci gaba da musun daga inda suka tsaya. Ni a lokacin dariya kawai nake yi. Ɗaya ya ce dama, ɗaya ya ce hagu, ban riƙe wa ya ce me ba, don a ganina ai yana nan a rubuce.

Mun shirya za mu ɗauki hoton taswirorin. A kamfanin safiyo da nake aiki akwai babbar na'ura da ke ɗaukar takarda komai faɗinta, kuma na yi niyyar in ɗora rubutunsa a kan hoton tauraron ɗan'adam mu ga abin da ya rage a ƙasa. Na so in ɗauka da waya tukuna, ya hana, wai waya tana cinye ƙananan baƙaƙe, kuma ba ya son abinsa ya riƙa yawo a hannun yara. Ya kuma ce bututun ba zai fita daga ɗakin ba sai da shi. Ƙafafunsa sun kumbura a lokacin, zafi kuma ya shigo. Muka ce bari iska ta yi sanyi. Bai kai ba.

Babbar 'yarsa, wadda nake kira Yaya, ta zo daga Kano da mijinta a kan gajeriyar biza. Mai gidan hayar ya riga ya sami wanda zai shiga ɗakin, saboda haka aka fara kwashe kaya tun ba a tashi daga makoki ba. Ni na koma aiki, ina lissafin ranar hutu zan je in ɗauko bututun. Da na je na tarar da ɗakin a share, an jingine katifa, mijin Yaya yana ɗaure kwalaye. Bututun yana jingine a bayan ƙofa. Na ɗaga na ji ba nauyi.

"Yaya, ina takardun da ke ciki?"

Ta dubi mijinta, ta jawo ni baranda ta rage murya. "Ka kwantar da hankalinka, na yi maganinsu. Ba wanda ya gani."

"Kamar yaya kin yi maganinsu?"

"Haba ƙanena, kai ma ka san abin da nake nufi. Zane a zagaye, rubutu ya kewaye shi, ga sunayen mutane jere. Hatimi ne fa. Ka san mutanen da, kowa da abin da ya taso ya tarar. In aka buɗe kwali a gida aka ga wannan, me za a ce? A ce Baba tsibbu yake yi a Dubai? Mutumin da sahun farko bai taɓa wuce shi ba?"

Na jingina da bango. Ta ɗauka nauyin abin ne ya kama ni, sai ta ci gaba da lallashi. Ta ce ba ta zuba a shara ba, Allah Ya kiyaye, akwai sunan Allah a saman kowace. Ba ta kuma yarda a sa a kwantena ba, inda 'yan dako za su hau da takalmi. Sai da ta yi alwala kafin ta taɓa su. Ta ninke su cikin farin mayafinta ta kai akwatin nan na ƙarfe da ke bakin masallaci, wanda ake zuba tsoffin shafukan Alƙur'ani da duk takarda mai sunan Allah.

Na ce, "Yaya, taswira ce. Garin da aka haife shi ne. Kabarin kakarki yana ciki."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ta dafa bango ta zauna a ƙasa. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Bai taɓa nuna mini ba." Gaskiya ta faɗa, ina ji. In ya je Kano hutu ba ya tafiya da bututun, ita kuma ba ta taɓa zuwa Dubai ba sai da ya rasu. Ya tsare baƙi da 'yan kasuwa da ɗalibai da labarin Sawakin, 'yarsa kuwa ba ta san ko sunan garin ba.

Na ruga masallacin. Akwatin a kulle yake, na leƙa ta tsagar na ga ƙasansa. Mai kula da masallacin, wani mutumin Bangaladash, ya ce motar da ke kwashewa ta riga ta zo. Ya taimaka mini da kirki, ya kira masu motar da wayarsa. Wanda ya ɗauka ya saurare ni har ƙarshe, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce abin da suka kwaso daga masallatai ana haɗe shi ne wuri ɗaya a jiƙa har tawada ta narke, don kada sunan Allah ya wulaƙanta. Ya ce in zo in duba in ina so. Na je. An nuna mini buhunan da ba a kai gare su ba, na zazzage su ɗaya bayan ɗaya. Babu.

Ban ga laifin kowa ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Kowa a cikin lamarin nan girmamawa ya yi.

Mutum ɗaya ya rage da ya taka wurin da ƙafarsa. Na sauko da ɗaya daga cikin taswirorin daga intanet, na buga ta babba, na kai wa Baba shagonsa na turare. Ya rame sosai tun rasuwar. Na shimfiɗa takardar a kan teburinsa, wannan karon na zagaya na tsaya a gefensa. A ɗakin Kawu kullum ina zaune ne a gabansa, taswirar tana kallonsa, ni ina ganinta a kife, shi ya sa ko yatsansa da nake tunawa ban san ko damansa ne ko damana ba.

Na ce, "Baba, ga ƙofar ganuwa. Nuna mini maƙabartar. Yadda ka ce haka zan rubuta."

Ya sa tabarau. Ya ɗora yatsa a kan ƙofar, ya ja shi hagu kaɗan, ya tsaya. Ya dawo da shi ya ja dama. Ya daɗe a haka, har wani mai sayen turare ya shigo ya gaji ya fita.

"Shi me ya ce?" ya tambaye ni.

"Ban riƙe ba, Baba. Ai kai ne ka ce ya yi kuskure."

"Ya yi kuskure mana." Ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu. "In ya ce dama, sai in ji a jikina hagu ne. In ya ce hagu, sai in ga hanyar dama ƙiri-ƙiri, har da duwatsunta. To yanzu wa zai fara faɗa, ɗana?"

Ya ninke takardar ya miƙo mini da hannu biyu.

Tana nan a ɗakina a Al Nahda. Na sa fensir na rubuta abin da nake jin na tabbata: rijiyar tana kusa da ganuwa, zangon Kanawa ya fi na Barebari kusa da ƙofa. Ko wannan na biyun na goge na sake rubutawa. Cikin sunayen da suka zagaye tsibirin ban iya kawo ko ɗaya da zan rantse a kansa ba. Mahaifiyata ta kira ni daga Kano ta ce, "Kai da ka yi karatun abin, ba ka riƙe komai ba?" Na ce na riƙe kaɗan. Ta ce to Allah Ya sa kaɗan ɗin ya isa. Bai isa ba. Wurin maƙabartar fari ne, kamar yadda mai zanen farko ya bar shi.

Saboda haka ina roƙon duk wanda Kawu ya taɓa tsarewa da taswirar nan, a shago ko a ɗaki ko a kan abra, ko da rabin kunne ya saurara, ya faɗa mini abin da ya maƙale masa. Wanda kakansa ko kakarsa ta bi ta Sawakin, ya tambaya tun suna da rai. Inda na yi kuskure a wannan rubutu a gyara mini, ba zan yi musu ba. A bar saƙo a shagon da aka yi makoki, za su ba ni. Abin da na fi nema guda ɗaya ne: in ka fito daga ƙofar ganuwa, dama ko hagu.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwancinsa. Allah Ya jiƙan mahaifiyarsa da waɗanda ke kwance tare da ita, Shi da bai manta inda suke ba.